Gafakar Nana Asma'u da Akwatin Yayata

Duk wanda ya zauna a ajin Hausa, a sakandare ko a kwalejin ilimi, ya san yadda ake jero tarihin ƙagaggun labarai. Ana farawa da gasar 1933, wadda Rupert East ya shirya a ƙarƙashin Hukumar Fassara da ke Zariya, sai a kawo littattafai biyar da aka samu daga cikinta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Daga nan a gangaro kan Magana Jari Ce, a ratsa ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, a zo hukumar adabi ta NORLA, a zo kamfanin ɗab'i na NNPC. Ɗalibi ya haddace wannan tsaf, ya shiga jarrabawa ya ci. Amma in ka tsare shi ka ce ya kawo maka sunan mace ɗaya a cikin jerin, sai ya yi ta lalube har ya iso 1980, shekarar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid ya fito. Daga fitowar littattafan gasar farko a 1934 zuwa wannan shekara, shekara 46 ke nan babu ɗuriyar mace.

Ni ma haka aka koya mini, kuma na daɗe ina ɗauka iyakar zancen ke nan. Sunayen da shekarun duk daidai ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da aka ba mu tarihin injin buga littafi ne da mutanen da aka bari suka kusance shi, aka laƙaba masa sunan tarihin adabi. East ya nemi marubutansa ne a cikin malamai da ma'aikatan da suka yi boko, irin waɗanda Kwalejin Katsina ta yaye, makarantar da babu mace ko ɗaya a cikinta. Makarantun 'yan mata na gwamnati kuwa sai a 1930 aka fara buɗe su a Kano da Katsina, su ma yawanci 'ya'yan gidan sarauta ne, kuma ɗinki da tsafta da kula da gida ne ƙashin bayan karatun. To, a ina mace za ta samu bokon da za ta shiga gasar 1933 da shi? Amma rashin boko ba rashin rubutu ba ne. Shekara ɗari cif kafin wannan gasa, akwai macen da take zaune a Sakkwato tana rubutu da harsuna uku.

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Ɗagel a 1793. Tana kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta ga yaƙi da yunwa da ƙaura da idonta tun tana yarinya. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato, ta rayu har 1864. Abin da ya iso mu na rubutunta ya kai ayyuka sittin, da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma zaɓen harshen da take yi ba na ganin dama ba ne. In malamai take nufi, Larabci. In 'yan'uwanta na gida, Fillanci. In kuwa talakawan Hausa ne, musamman matan karkara da bayin da aka kamo a yaƙi aka kawo cikin jama'a ba su san komai na addini ba, sai ta yi musu da Hausa, a waƙe, yadda za a iya haddacewa ana sussuka ko ana kaɗi. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta ta Fillanci zuwa Hausa, wadda muka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai jan kunnen sarakuna da alƙalai masu zalunci da cin hanci. Ita ce kuma ta tsara tarihin jihadi a waƙe da Fillanci, wanda ƙanenta Isa ya mayar Hausa ya zama Waƙar Gewaye.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da ita shi ne yadda ta warware matsalar da har yau take ci wa marubuta tuwo a ƙwarya, wato yadda rubutu zai kai ga mai karatu. Ba ta da maɗaba'a, sai ta kafa 'Yan Taru. A kowane ƙauye akan samu dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji, a sa mata malfa, a ɗaura jan ƙyalle. Malfar nan a da alamar Innar Gobir ce, shugabar bori, sai Asma'u ta ɗauko ta ta ɗora a kan malamar mata, don duk matar da ta ganta ta gane cewa shugabanci ya koma hannun ilimi. Jaji za ta taso da ayarin tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, a ƙafa, ɗauke da hatsi da zuma da sauran abin sadaka, su zo gaban Asma'u su ɗauki karatu, su koma ƙauye su rera wa matan da ke cikin kulle. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Wannan tsari ne na yaɗa adabi, cikakke, mai marubuciya da dillalai da masu sauraro, kuma mata ne suka riƙe shi daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Asma'u da kanta ta san cewa sunan da ba a rubuta ba ɓacewa yake yi. A waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, ta zo kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko har kan matan jama'ar Shehu da ta sani ido da ido. Ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya da ya rasu a 1837, amma ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa jajinta Hauwa'u. Ba don alƙalaminta ba, da babu mai sanin an taɓa yin waɗannan mata a duniya.

Yanzu tambayar ita ce, me ya sa aikin Asma'u ya tsira? Darajar aikin kaɗai ba ta isa amsa ba, domin gara ba ta san darajar takarda ba. Ya tsira ne saboda ta fito daga gidan da ake ajiye takarda. Zuriyarta, gidan Waziri, sun adana rubuce-rubucenta a cikin gafaka, daga hannu zuwa hannu, har suka iso ga Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ne ya buɗe wa Jean Boyd, Baturiyar malamar makaranta da ta daɗe a Sakkwato, ta yi shekaru tana aiki a kansu tare da malamai, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan cikin kundi mai shafi sama da 700 a 1997, a Amurka. A gida kuma Farfesa Sa'adiya Omar ta bi sawun 'Yan Taru da waƙoƙinsu, ta kuma rubuta tarihin wata malama, Modibbo Kilo. Mutanen Sakkwato ba su taɓa mantawa da Nana Asma'u ba, ga kabarinta nan a Hubbare ana ziyarta. Amma shigarta manhajar jami'a a matsayin marubuciyar da ake nazarin salonta ya jira har an kwance gafaka an buga. Sauran matan zamaninta da suka yi waƙa, waɗanda ba 'ya'yan Shehu ba ne, ba matan Waziri ba ne, wa ya ajiye nasu?

Daga nan sai a duba abin da ya faru da adabin baka, inda hannun mata ya fi yawa. Tatsuniya sana'ar kakanni mata ce da iyaye mata, da dare, a tsakar gida. Waƙar niƙa da ta daka da ta reno da ta gaɗa duk nasu ne. Lokacin da Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa ya buga su juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai maza ne suka rubuta masa da ajami. Labarin ya shiga littafi, sunan Bature ya hau bango, tsohuwar da ta iya sarrafa muryar Gizo har yara su ƙi barci ta zama "al'ada". Kalmar nan ta "al'ada" ta haɗiye sunayen mata masu yawa. Idan namiji ya ƙirƙira, akan ce fasaharsa ce. Idan mace ta ƙirƙira, sai a ce gado ne na jama'a.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Baba ta Karo. Tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga zamanin harin bayi da rinji, da zuwan Turawa, da aure-aurenta, da ƙawance, da bori, da yadda ake renon ɗan wani. Littafin ya fito da Ingilishi a Ingila a 1954, bayan Baba ta rasu a 1951, kuma sai da aka shafe gomman shekaru kafin a buga shi da Hausar da ta faɗe shi. Duniya ta karɓe shi a matsayin littafin nazarin al'umma. Amma wanda ya karanta ya san cewa mai ba da labarin gwana ce: ta san inda za ta ja zance, ta san inda za ta jefa waƙa, ta san abin da za ta ɓoye. A ganina, in ana lissafin tarihin rayuwa da aka bayar da Hausa, Baba tana sahun gaba, kuma rashin ta a wannan lissafi tuya ce aka yi aka manta da albasa.

A shekarun 1970 an samu mata irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu suna rubuta waƙa suna rerawa a rediyo a Kano, kan yaƙi da jahilci da tsafta da ƙidaya da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo. An tattara wasu daga cikin waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Ɗalibai nawa ne suka san su, in aka kwatanta da Mu'azu Haɗeja ko Aƙilu Aliyu?

Sai kuma abin da ya sauya komai. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara mata suka cika azuzuwa yadda ba a taɓa gani ba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, matan aure da zawarawa suka koma aji da yamma. Cikin shekara goma aka samu dubban mata da suka iya karanta Hausar boko, amma babu abin karantawa da ya yi kama da rayuwarsu. A daidai lokacin ne kuma tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka tattara hankalinsu kan littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu mai buga musu. Sai marubuta suka ɗauki rubutunsu da kansu suka nufi ƙananan maɗaba'u, suka biya da kuɗin adashi ko na sayar da ɗan kunne, suka kai kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin na farkon farko da suka buɗe wannan hanya. Ƙofar da aka tsare shekara hamsin ba a buɗe wa mata ita ba, zagayawa suka yi ta bayan gida.

A nan akwatin yayata ya shigo. Akwatin ƙarfe ne mai fentin furanni, na kayan aurenta, tana tura shi ƙarƙashin gado. A ciki babu atamfa, littattafai ne cunkus, sirara, masu takarda irin ta jarida, an rarraba kowane labari kashi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Bangon wasu hoton 'yar fim ɗin Indiya ne, wasu zanen hannu. A bayan bango akwai jerin gaisuwa ga ƙawaye da masoya, da adireshin da za a aiko wa marubuciya wasiƙa. Ita ba ta wuce aji shida na firamare ba, amma a cikin akwatin nan karatunta ya nuna. Takan aike ni shagon haya in karɓo mata ci gaban labari, in na dawo da kashi na uku alhali na biyu take jira, ranar na sha faɗa. Bayan la'asar maƙwabta biyu da ba su iya karatu ba sukan shigo da tsintar shinkafarsu, ita tana karantawa a bayyane, su suna tsinta suna tsoma baki: wannan mijin azzalumi ne, waccan uwar mijin Allah ya isa. Da na girma na karanta labarin 'Yan Taru, sai na ga hoton ɗakin yayata: mace ɗaya mai karatu, mata da yawa masu saurare, da rubutun da wata mace ta yi domin su.

A cikin akwatin na fara cin karo da Balaraba Ramat Yakubu. An haife ta a Kano a 1959, ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana kimanin shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin manya. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ana kiran irin waɗannan littattafai "na soyayya", amma wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne ya san soyayya ba ita ce jigonsa ba. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, matar wani ɗan kasuwa mai ƙwauron cefane, wanda ya auro wata ya kore ta da yaran. Littafin yana bin lissafin tukunya dalla-dalla: abin da aka bayar, abin da ya rage, kuɗin makaranta, sana'ar sayar da abinci da ta tsayar da Rabi da ƙafafunta. Sai da ta samu kanta, shagon mijin ya ƙone, dukiyarsa ta watse, dangi suka taru suka matsa mata ta koma. Ta koma, ba don tana so ba. Marubuciyar ba ta lallashi mai karatu da kyakkyawan ƙarshe ba, ta bar shi da ɗacin abin a baki. Ban san wani littafin Hausa da ya riga shi nuna tattalin arzikin cikin gida da wannan idon ba, kuma dalili a fili yake: marubutan da suka gabata a zaure suke zaune, abin da ke faruwa bayan labule labari suke ji.

Wannan shi ne abin da matan nan suka ƙara wa adabin Hausa, kuma shi ya kamata tarihi ya rubuta musu. Sun shigo da ɗaki da madafa da zaman kishi da auren dole da zawarci da ciwon yoyon fitsari da gorin rashin haihuwa cikin rubutaccen labari. Sun kuma shigo da Hausar mata, ta habaici da gugar zana da kirari da shaguɓe, wadda ba a saba ganinta a takarda ba. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta bi wata hanyar daban da ta Balaraba: jarumanta mata ne masu ilimi da addini da iya zama da miji, masu cin nasara ta hanyar haƙuri da wayo da karatu. Ana iya yin muhawara kan wace hanya ta fi, kuma matan da kansu sun yi ta yi. Samuwar wannan saɓani ma shaida ce cewa adabi ne mai rassa, ba abu guda ba ne da za a yi masa kuɗin goro.

Kuɗin goron kuwa an yi. A shekarun 1990 muhawara ta ɓarke a jaridu, musamman Nasiha da New Nigerian, tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan "Adabin Kasuwar Kano" bisa kwatanci da na kasuwar Onica, da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da suka ga cewa adabin zamani ne da ya cancanci nazari. Masu suka suna da hujjojin da ba za a yar ba. Da yawan littattafan babu edita, ƙa'idar rubutu a karye, labarin wani a kwaikwayi fim ɗin Indiya, wani a ja shi kashi huɗu don kawai a ƙara ciniki. Na yarda da wannan duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a auna adabi da mafi rauninsa. Ba a auna zamanin Imam da littattafan da aka manta da su, da Magana Jari Ce ake auna shi, littafin da ya samu edita da hukuma da kuɗin gwamnati da makarantun da aka wajabta wa sayensa. Matar da ta rubuta nata a kan tabarma bayan yara sun yi barci, ta biya maɗaba'a daga aljihunta, ita ce edita, ita ce dillaliya, an zo ana tuhumarta da rashin abin da ba a taɓa ba ta ba.

Kuma suka ba ta tsaya a jarida ba. A 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Kano, an tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata. A shekarar da ta biyo baya Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista, a duba rubutunsu kafin ya shiga kasuwa, abin da ya jawo takun saƙa da ƙungiyoyin marubuta. Damuwar iyaye kan tarbiyya gaskiya ce, kuma akwai littattafan da ni ma ba zan ba 'yata ba. Amma ya kamata a lura da inda aka kai wutar. Makarantar 'yan mata aka kai ta. Tsoron da ke ƙasa shi ne na yarinya mai karanta abin da babba bai zaɓa mata ba, alhali Shehu da kansa, a Nurul Albab, malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci ya yi wa kaca-kaca.

Akwai wani shinge na biyu, na ƙasa baki ɗaya. In ana lissafin marubuta mata na Najeriya, akan fara da Flora Nwapa da littafinta na 1966, a zo Buchi Emecheta, in an waiwayo Arewa a ambaci Zaynab Alkali, wadda littafinta na farko ya fito a 1984 ya ci kyautar ƙungiyar marubuta ta ƙasa a 1985. Dukansu sun cancanta, kuma dukansu da Ingilishi suka rubuta. Matan da ke rubutu da Hausa, waɗanda masu karatunsu suka bazu daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi, ba sa cikin lissafin, domin masu lissafin ba sa jin harshen. Sai a 2012, da Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, wani kamfani a birnin Chennai na Indiya ya buga, sannan 'yan Legas da na waje suka san da Balaraba. Shekara 22 bayan matan Kano sun gama karanta shi sun yi muhawara a kansa a gidajen biki.

Yau abubuwa sun ci gaba ta wani gefen. Matan sun kafa ƙungiyoyinsu, irin su Kallabi da Mace Mutum. Wasu, kamar Fauziyya D. Sulaiman, sun koma rubuta wasannin talabijin da miliyoyi ke kallo. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, inda Aisha Muhammad Sabitu ta yi nasara da labarin Sansani, kan rayuwar 'yan gudun hijira, Maimuna Idris Sani Beli ta biyo baya a 2017, har a 2022 kambun ya tsallaka iyaka ya tafi Nijar wurin Amira Souley. In ka tuna cewa gasar 1933 babu mace ko ɗaya a cikinta, za ka ga nisan tafiyar. Jami'o'i ma yanzu cike suke da kundayen digiri kan marubuta mata, ko da yake yawancinsu a kan kanta suke ƙarewa, ƙura ta rufe su.

Sai dai ta gefen adanawa, ina ganin baya muke komawa. Kasuwar littafin takarda ta durƙushe, shagunan haya sun zama na cajin waya. Rubutun ya koma WhatsApp da Facebook da Wattpad da manhajojin sayar da littafi. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane sai ta ce a tura kuɗi a shiga rukuni na musamman. Wasu kuma su kwashe aikinta su karanta a YouTube ba da izininta ba. Yawancin masu wannan rubutu mata ne, da yawa da sunan aro, "Maman wance" ko "Ummu wane", saboda miji ko dangi ko tsoron bakin mutane. Akwai tarkace a ciki, har da na batsa da ke ɓata wa sauran suna, akwai kuma rubutu mai ƙarfi kan fyaɗe da garkuwa da mutane da shaye-shaye da ciwon damuwa wanda babu inda za ka same shi a takarda. To, wayar da ta faɗa ruwa fa? Rukunin da aka rufe fa? Manhajar da kamfaninta ya daina aiki, kamar yadda OkadaBooks ya rufe a 2023? Takardar Asma'u ta yi shekara ɗari da hamsin a gafaka tana jiran mai karatu. Labarin da ke cikin waya ba lallai ya kai shekara biyar ba, kuma ko ya kai, sunan da ke kansa ba na mai shi ba ne.

Saboda haka in ana maganar matsayin mata a tarihin adabinmu, yabo a ranar taro ba shi ne abin da ya fi gaggawa ba. Aikin na tattarawa ne da rubuta suna da shekara, da sake buga waɗanda suka yi fice bayan an gyara su, da sa su a manhaja kusa da na maza, a yi musu nazari mai tsauri irin wanda ake yi wa Imam, a ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Ɗaga wa mace ƙafa a wajen nazari shi ma wani nau'in raini ne. Cibiyoyin da za su iya wannan aiki muna da su: Gidan Arewa a Kaduna, Gidan Ɗan Hausa a Kano, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da sassan harsunan Najeriya na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Da yawa daga cikin matan da suka fara rubutu a shekarun 1980 da 1990 suna raye, ana iya zama da su a ɗauki bayaninsu, a tambaye su nawa suka buga, wa ya buga, wa ya cinye musu kuɗi, me ya sa suka daina.

Bara na je gidan yayata na ce ta ciro mini akwatin. Ta yi dariya ta ce ai tun da suka tashi daga tsohon gida yake a ɗakin ajiya. Muka jawo shi, murfin ya yi tsatsa, sai da muka sa wuƙa. Damina ta shiga ta ƙasa, gara ta bi ta gama da rabin na ciki, sun zama gari. Na saman ne suka tsira, guda talatin da 'yan kai. A cikinsu akwai wani kashi na biyu da bangonsa ya yage, babu sunan littafin, babu na marubuciyar. Yayata ta karɓa ta karanta layi uku, nan take ta tuna labarin gaba ɗaya, har da sunan kishiyar da abin da ta zuba a miya. Na tambaye ta wa ya rubuta. Ta yi shiru tana juya shi a hannu, ta ce wata ce dai 'yar Gusau ko 'yar Funtuwa, sunan ya kwanta mata.